Yadda Ake Dashen Haƙori, da Abin da Mai Giɓi Zai Shirya Kafin Ya Biya Kuɗi a Legas

Bahaushe ya bambanta wushirya da giɓi. Wushirya halitta ce, har ana ɗaukar ta a matsayin ado, amma giɓi gurbi ne da haƙori ya bari bayan ya faɗi, ko an cire shi, ko ya karye. A unguwanninmu na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, masu giɓi ba su ƙirguwa. Wani hatsarin babur ne ya zubar masa da haƙoran gaba, wani ruɓewa ce ta cinye masa turmi har aka cire, wani kuma ciwon dasashi ne ya sa haƙoransa suka yi ta girgiɗi suna fita ɗaya bayan ɗaya. Da zarar zafi ya lafa, yawancinmu sai mu bar zancen, musamman idan giɓin yana can ciki inda ido ba ya kaiwa.

Matsalar ita ce baki ba ya zama yadda aka bar shi. Ƙashin muƙamuƙi yana riƙe da kaurinsa ne saboda nauyin tauna da saiwar haƙori take sauke masa kullum. Idan saiwar ta tafi, ƙashin wurin yakan fara ramewa, kuma mafi yawan ramewar tana faruwa ne a watannin farko zuwa shekara guda. Haƙoran da ke gefe sukan karkato cikin giɓin, wanda ke fuskantarsa daga sama ko ƙasa ya fara zarowa tun da ba shi da abokin karo, mutum kuma ya koma tauna da gefe ɗaya. Saboda haka wanda yake tunanin cike gurbin gara ya nemi shawarar likita da wuri, ko da kuɗin aikin bai gama haɗuwa ba, domin jinkirin shekaru yakan mayar da aiki mai sauƙi ya zama mai tsada da wahala.

Abin da ake nufi da dashe

Dashen haƙori shi ne a kafa saiwa ta ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, a gurbin saiwar da ta tafi, sannan a ɗora haƙori a kanta. Sassa uku ne. Akwai ita saiwar, wadda siffarta kamar ƙusa mai zare irin na noti, kaurinta yawanci milimita 3 zuwa 5, tsawonta kuma tsakanin milimita 8 da 13 a mafi yawan ayyuka. Akwai mahaɗi da ake ɗaurawa a kanta ya leƙo ta cikin dasashi. Sannan akwai kan haƙorin da ake gani, wanda ake ƙerawa da tangaran ko makamancinsa, a daidaita launinsa da na sauran haƙora.

Ƙarfen da aka fi amfani da shi sunansa titaniyom, kuma dalilin zaɓensa yana da tarihi. A shekarar 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, sai ya saka wata ƴar na'ura ta titaniyom a ƙashin ƙafar zomo. Da ya zo cire ta, ya tarar ƙashin ya manne mata har sun zama kamar abu ɗaya. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gothenburg, kuma mutumin ya rayu da dashensa fiye da shekara 40. Wannan mannewar ƙashi da ƙarfe ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Likita yana kafa ƙarfen ne kawai, jikin mutum ne yake kama shi, kuma jiki yana buƙatar watanni kafin ya gama. Duk wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin kusan kowace doka da za a kafa masa.

Kada a haɗa dashe da haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi, domin shi galibi hula ce da ake rufa wa haƙorin da yake nan da saiwarsa. Haka kuma dashe ba shi kaɗai ne hanya ba. Haƙoran roba da ake sakawa a cire sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai suna motsi a baki kuma ba sa hana ƙashi ramewa. Akwai kuma gada, inda ake fiƙe haƙoran da ke gefen giɓin guda biyu a rataya sabon a tsakaninsu. Tana da sauri, amma an taɓa lafiyayyun haƙora ke nan. Fifikon dashe shi ne yana tsaye da ƙafarsa, ba ya jingina da maƙwabta. A ganina, ga mai giɓi ɗaya wanda haƙoran gefensa lafiya lau suke, dashe ya fi dacewa idan da hali. Amma wanda ba shi da halin kada ya ɗauka an rage masa daraja don ya sa na roba, domin sa na roban ya fi a zauna da giɓi.

Wasu kan yi shakka ta fuskar addini. Malamai sukan kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Mayar da gaɓar da ta salwanta magani ne. Inda tambaya ta fi cancanta shi ne wajen kayan ƙarin ƙashi, kuma zan zo kansa.

Fara da duba jikinka

Kafin ka tambayi farashi, ka tambayi kanka ko jikinka ya shirya. Babban abokin gaban dashe shi ne taba. Hayaƙinta yana rage jinin da ke isa dasashi, yana jinkirta warkewa, kuma dashe ya fi lalacewa a bakin masu shanta. Shisha ma tana cikin wannan hukunci, haka tabar da ake cusawa a leɓe. Wanda ba zai iya ajiye taba ba, aƙalla makonni kafin aikin da kuma tsawon lokacin warkewa, yana jefa kuɗinsa cikin kasada, kuma gaskiya ta fi dacewa ya faɗa wa likita tun farko maimakon ya ɓoye.

Na biyu shi ne ciwon suga. Mai suga zai iya yin dashe, amma sai sugan yana kan saiti. Likita mai lura zai nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a kusan wata uku da suka wuce, ba awon safiyar ranar kawai ba. Na uku ciwon dasashi. Idan dasashinka yana zubar da jini duk lokacin da ka yi asuwaki, ko baki yana wari, ko wasu haƙora suna motsi, to ƙwayoyin cutar da suka ci ƙashin haƙoranka na asali za su iya cin ƙashin da ke riƙe da dashen. Dole a fara wanke haƙora a asibiti a magance ciwon tukuna.

Ka tafi da duk magungunan da kake sha a cikin leda, likita ya gan su da idonsa. Masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko asfirin na kullum, su sanar, amma kada su daina sha da kansu ba tare da izinin likitan da ya rubuta ba. Akwai magungunan ƙarfafa ƙashi, irin su alendronate, da ake ba wasu dattawan mata da masu ciwon daji. Waɗannan suna iya hana ƙashin muƙamuƙi warkewa bayan tiyata, kuma ɓoye su haɗari ne. Haka wanda aka taɓa yi wa gashin ciwon daji da na'ura a kai ko wuya, da mai sikila, da mai hawan jini, da mai cizon haƙora cikin barci, duk su sanar da likita. Mace mai juna biyu ta jira sai ta haihu. Yaro kuma ba a yi masa dashe sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wato daga shekara 18 zuwa sama, domin ƙarfen ba ya tafiya tare da ƙashin da ke ƙaruwa. Tsufa shi kaɗai ba ya hana dashe.

Zaɓen wanda zai yi aikin

A nan ne nake so mai karatu ya fi natsuwa. Dashe tiyata ce a cikin ƙashi, kusa da jijiyoyi. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji. Idan ƙarfe ya taɓa ta, leɓe zai iya mutuwa na tsawon lokaci, wani lokacin ma har abada. A muƙamuƙin sama kuma, bisa turame, akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda ba a so ƙarfe ya huda ba da shiri ba. Aikin likitan haƙori ne mai rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, wadda ke sabunta lasisin aiki duk shekara. Mai ƙera haƙora a ɗakin sarrafawa sana'arsa halattacciya ce kuma shi ne zai ƙera kan haƙorin, amma ba hurumin sa ba ne ya huda ƙashi. Masu sa haƙori a shagunan kasuwa kuwa, a nisance su a wannan aiki.

Mazauna Legas sun yi dace da samun wuraren neman shawara. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, yana nan Idi-Araba, a maƙwabtaka da unguwar Hausawa, kuma yana tare da makarantar likitocin haƙori mafi daɗewa a ƙasar nan. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, LASUTH, a Ikeja, wanda ba shi da nisa da mutanen Agege. Akwai kuma asibitocin haƙori masu zaman kansu da yawa a Ikeja, Surulere, Victoria Island da Lekki. A asibitin koyarwa za a yi haƙuri da layi, amma akwai ƙwararru na fanni daban-daban ƙarƙashin rufi ɗaya: masu tiyatar baki da muƙamuƙi, masu kula da dasashi, da masu gyara da maye gurbin haƙora. Ko da a asibitin kuɗi mutum zai yi aikin, jin ra'ayin likita na biyu ba asara ba ce.

Ka tambayi likitan ko ya daɗe yana dashe, ko shi zai yi da hannunsa ko wani zai gayyato, da kuma abin da zai biyo baya idan ƙarfen bai kama ba. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya yanka maka farashi da ranar aiki tun bai ɗauki hoton ƙashinka ba, ka tashi ka bar wurin. Aƙalla ana buƙatar hoton da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya, kuma a yawancin lokuta ana buƙatar hoton CBCT, wanda ke nuna kaurin ƙashi da tsayinsa da inda jijiya ta bi.

Game da kuɗi, dashen haƙori ɗaya a Legas yakan ci ɗaruruwan dubban naira, a wasu wuraren ya haura miliyan, kuma farashin yana tafiya da canjin dala domin kayan daga waje ake shigo da su. Yawancin tsare-tsaren inshorar lafiya ba sa ɗaukar nauyinsa, don haka a bincika tun kafin a dogara da su. Abin da ya fi jawo saɓani shi ne mutum ya ji farashi ya zaci ya ƙunshi komai, ashe kuɗin ƙarfen ne kawai, daga baya a kawo masa lissafin mahaɗi da kan haƙori da hoto da ƙarin ƙashi. Ka nemi a rubuta maka komai a takarda, sashe-sashe. Tun da aikin mataki-mataki ne, wurare da dama suna karɓar biya a hankali. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar ƙwarewa ba ce.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu da ƙafarmu ɗaya tana Legas ɗaya tana Arewa. Kamfanonin da ke ƙera ƙarfen dashe suna da yawa, irin su Straumann, Nobel Biocare da Osstem, kuma kayan wani ba sa shiga na wani, kamar yadda kayan gyaran wata mota ba sa hawa wata. Idan bayan shekara biyar mahaɗi ya kwance kana Kano ko Sakkwato, likitan can zai buƙaci sanin kamfanin da girman ƙarfen kafin ya taɓa shi. Ka karɓi wannan bayani a rubuce ranar da aka yi aikin, ka adana shi tare da muhimman takardunka, ka kuma ɗauki hotonsa a waya.

Yadda aikin ke tafiya

Idan hoto ya nuna ƙashi bai isa ba, za a yi ƙari. Wani lokacin ana haɗa shi da ranar dashen, wani lokacin kuma sai an yi shi an jira watanni. Garin ƙashin da ake zubawa yana iya zama daga jikin mutumin kansa, ko daga ƙashin shanu da aka tace, ko na haɗin ɗakin sarrafawa. Siririn mayafin da ake rufe shi da shi kuwa, wasu sanannun nau'o'insa daga alade ake samo su. Musulmin da wannan ya dame shi ya tambaya kai tsaye tun kafin ranar, domin akwai waɗanda ba na alade ba, kuma likitan da ba Musulmi ba wataƙila ba zai tuna ya ambata ba.

Ranar dashen ba a cika sa mutum barci ba. Allurar kashe zafi ake yi a dasashi, irin ta cire haƙori. Likita zai buɗe dasashi, ya huda ƙashi a hankali yana zuba ruwa don kada ƙashin ya yi zafi ya ƙone, ya murɗa ƙarfen ciki, ya ɗinke. Haƙori ɗaya yakan ɗauki kusan awa guda. Za a ji dannawa da ƙarar na'ura, amma ba zafi ba. A wasu lokuta, idan ƙashi yana da kyau kuma babu mugunya, ana kafa ƙarfen a ranar da aka cire haƙorin.

Daga nan sai jira, yawanci wata 3 zuwa 6, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi saurin kamawa saboda ƙashinsa ya fi tauri. Mai giɓin gaba za a iya ba shi haƙori na wucin gadi don kada ya ji kunyar shiga mutane. Sauri kan haifi nawa a wannan mataki, domin ƙarfen da aka ɗora wa nauyi kafin ƙashi ya kama shi yakan yi motsi, idan kuwa ya yi motsi sai an cire an sake daga farko. Bayan an tabbatar ya kama, za a ɗaura mahaɗi, a ɗauki awon baki, a ƙera kan haƙorin, a saka. Wanda ya rasa haƙoran muƙamuƙi duka ba sai an dasa masa ƙarfe ga kowane haƙori ba: guda biyu a ƙasa suna iya riƙe haƙoran roba su daina zamewa, huɗu zuwa shida kuma suna iya ɗaukar jeri cikakke wanda ba a cirewa.

Tun da zuwa asibiti zai kai sau biyar ko fiye, a tsara lokaci. Ɗan kasuwar da ke shirin tafiya gida ya yi wata uku ya gaya wa likita, a daidaita tafiyar da watannin jira. Ya fi sauƙi a kauce wa yin tiyatar a cikin watan azumi ko dab da tafiya aikin Hajji, saboda shan magani da rana da kuma buƙatar komawa a duba. A karɓi lokacin safe saboda cunkoson hanya, kuma wanda sana'arsa tuƙi ce ya huta a ranar.

Bayan tiyata

Ka ciji audugar da aka sa maka na tsawon rabin awa zuwa awa guda. A ranar farko kada ka kurkure baki da ƙarfi, kada ka yi ta tofar da yawu, kada ka zuƙi abin sha da tsinke, domin duk waɗannan suna tayar da gudan jinin da ke rufe ciwon. Wajen alwala ka shigar da ruwan a hankali ka bar shi ya zubo da kansa. Ka riƙa dafa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma a kumatu. Kumburi yakan kai ƙololuwarsa a kwana na biyu ko na uku sannan ya fara sacewa, wannan ba abin tsoro ba ne. Daga washegari sai a fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko da maganin kurkure da likita ya bayar. Mai gyambon ciki ya sanar kafin a rubuta masa maganin zafi, domin irin su ibuprofen suna tayar da shi.

Abinci ya zama mai laushi kuma ba mai zafi sosai ba: koko, kunu, fura da nono da aka dama sosai, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, dafaffen ƙwai, ayaba. Tsire, kilishi, rake, soyayyar gyaɗa da goro su dakata, kuma ko bayan an cire ɗinki, wanda ake yi bayan mako ɗaya zuwa biyu, kada a tauna abu mai tauri a gefen har sai likita ya ba da izini. Idan jini ya ƙi tsayawa, ko zafi yana ƙaruwa bayan kwana uku, ko aka ga mugunya ko zazzaɓi, a koma asibiti. Idan kuma allura ta sake amma leɓe ko haɓa suna nan a mace har washegari, a kira likita a ranar, kada a jira ranar da aka ba da.

Dashen da aka yi da kyau, a bakin da ake kula da shi, fiye da kashi 90 cikin 100 yana nan yana aiki bayan shekara 10. Ƙarfe ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa da ciwo idan datti ya taru, kuma sau da yawa ciwon ba ya zafi sai ya yi nisa. A goge baki sau biyu a rana da buroshi mai laushi, a bi gefen dashen da zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora. Asuwaki yana da amfani kuma ba a hana shi ba, amma ba ya shiga lungun da ke ƙarƙashin kan haƙorin, kuma ba a so a riƙa tauna kansa da haƙorin dashe. Haƙorin asali yana da wani siririn nama tsakaninsa da ƙashi da ke sanar da mutum idan ya ciji dutse. Dashe ba shi da wannan, saboda haka fasa ƙashin nama ko buɗe kwalba da shi yana iya tsaga tangaran ɗin kafin mutum ya ankara.

A riƙa komawa asibiti duk wata shida a duba a wanke, a kuma ɗauki hoto lokaci-lokaci don a ga matsayin ƙashin. Kan haƙorin yakan buƙaci canji bayan shekaru ko da ƙarfen yana nan daram. Idan ka ji yana ɗan motsi, sau da yawa ƙaramin notin da ke ciki ne ya kwance, kuma ɗaure shi aikin mintuna ne idan an zo da wuri. Idan aka ci gaba da tauna a haka, notin zai iya karyewa a cikin ƙarfen. Wanda zai bar Legas ya koma gida gaba ɗaya ya je asibitin kafin tafiyarsa, ya karɓi kwafin hotunan ƙashinsa da takardar bayanin ƙarfen, ya miƙa su ga likitan haƙorin da zai ci gaba da duba shi a can.